Siwici yana manta saitinsa duk lokacin da aka ɗauke wuta: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da netwok ɗin wata makaranta a Tudun Wada, nan Zariya, har da ɗakin da ɗalibai ke rubuta jarabawa a kwamfuta. Muna da siwici biyar, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci a netwok, duk na gwanjo: Cisco 2960 guda uku, 3850 ɗaya a tsakiya, sai Huawei ɗaya. In aka ɗauke wuta cikin dare batirin inbata ya ƙare, da safe sai in tarar ɗaya daga cikinsu ya dawo kamar ban taɓa saita shi ba. Me ke jawo haka? Kuma yaya zan ajiye saitin don kada in riƙa maimaita aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya taimaka. Ba ka faɗi wanne ne daga cikin biyar ɗin ke mantuwar ba, kuma amsar tana ɗan sauyawa daga wannan zuwa wancan, don haka zan bi maka su duka. Amma ka kwantar da hankalinka tukuna, kada ka je ka ce wa shugaban makaranta a sayo sabo. Galibi na'urar lafiyarta ƙalau.

Siwicin Cisco yana riƙe da saiti iri biyu a lokaci guda. Akwai running-config, wanda yake aiki da shi yanzu, yana zaune cikin RAM. Duk umarnin da ka buga, nan take yake shiga can ya fara aiki, shi ya sa kake ganin komai ya daidaita har ka rufe laftof ka tafi gida. Sai kuma startup-config, wanda yake karantawa idan ya tashi. Na farkon kamar rubutun allo ne, ɗaukewar wuta tana wanke shi tas. Na biyun shi ne wanda aka kwafe cikin littafi. Siwicin ba ya kwafe maka da kansa, sai ka ce masa:

`copy running-config startup-config`

ko kuma a taƙaice `write memory`. A kan 2960 wannan saitin fayil ne mai suna config.text da ke cikin filash ɗin na'urar, za ka gan shi in ka buga `dir flash:`.

To abu na farko, gobe da safe ka sa kebul ɗin konsol, wannan mai ruwan shuɗi, ka shiga siwicin da ke ba ka wahala ka buga `show startup-config`. In ya ce maka babu shi, ko ka ga tsohon saitin wanda ya sayar muku ne a ciki, magana ta ƙare: ba a adana ba. Kada ka yi saurin cewa ai kana adanawa kullum. Wanda ya saba gajarta umarni yakan yi kuskuren harafi ɗaya, ya rubuta `copy run strat` maimakon `start`. Siwicin ba zai yi masa gardama ba, zai buɗe sabon fayil da wannan sunan a filash, ya nuna masa adadin abin da ya kwafa, mutum ya tashi yana ganin ya gama. In ka ga fayil mai baƙon suna a `dir flash:`, ka san daga inda ya fito. Wannan ne ma ya sa na fi son `write memory` ga mai aiki cikin gaggawa.

Akwai layuka biyu a saman `show running-config` da mutane ke wucewa ba su karanta ba. Ɗaya yana faɗin lokacin da aka yi canji na ƙarshe, ɗayan yana faɗin lokacin da aka adana na ƙarshe. In canjin ya zo bayan adanawar, akwai aikin da ke rataye a RAM yana jiran a ɗauke wuta. Sai dai layukan ba su da amfani in agogon siwicin ba daidai yake ba, kuma tsofaffin 2960 ba su da batirin agogo, duk tashi suna komawa 1 ga Maris 1993. Ka ba su sabar NTP, wato sabar da ke daidaita agogo ta netwok, ka sa `clock timezone WAT 1`, sannan lokacin zai zama abin dogaro.

Yanzu a ce ka duba ka tarar startup-config yana nan cif da saitinka, amma siwicin ya tashi fanko. Nan zan fi zargin 3850 ɗin. Masu sayar da kayan gwanjo sukan karɓi na'ura da kalmar sirrin da ba su sani ba, sai su bi hanyar buɗe ta, wato su gaya mata ta yi watsi da saitinta in za ta tashi. A 3850 ana yin haka ne da sa SWITCH_IGNORE_STARTUP_CFG ya zama 1. In aka manta ba a mayar ba, ko sau ɗari ka adana, zai karɓa ya ajiye, amma ba zai karanta ba. Ka buga `show romvar` ka duba. In 1 ne, ka fara kwafo saitin da ke ajiye zuwa wanda ke aiki, ka shiga `configure terminal` ka buga `no system ignore startupconfig switch all`, sannan ka adana. Ka kula da jerin nan: in ka adana tun siwicin yana fanko, ka shafe mai kyan da hannunka. A rauta da manyan siwici irin 4500 da 6500 abin da ake dubawa shi ne layin ƙarshe na `show version`. 0x2142 yana nufin a tsallake saiti, 0x2102 shi ne na kullum a yawancinsu. Shi 2960 yana nuna 0xF, kuma haka yake tun asali, kada ka taɓa.

Sai maɓallin Mode da ke gaban na'urar. In aka danne shi aka riƙe na 'yan daƙiƙu alhali siwicin yana aiki, yana iya ture saitin gefe ya sake tashi kamar sabo. A 2960 za ka gane haka in ka ga fayil mai suna config.text.renamed a filash, kuma saitinka yana cikinsa, bai ɓata ba. A makaranta, inda akwatin siwici ke rataye a bangon aji babu kwaɗo, wannan ba abin mamaki ba ne. Kamfanin Cisco da kansa ya taɓa fitar da sanarwa cewa a 3650 da 3850 masu ƙofa 48, robar da ke kan wasu kebul in aka sa su a ƙofa ta ɗaya tana iya danne maɓallin. Umarni ɗaya ke hana maɓallin yin wannan ɓarnar: `no setup express`. Ka sa shi a dukkan na Cisco ɗinka, ka kuma sayi kwaɗo.

In duk ba waɗannan ba ne, ka dubi ƙasan `dir flash:` ka ga ko akwai sauran wuri, ka kuma karanta abin da siwicin ke cewa bayan ka adana maimakon ka rufe taga da sauri. Filash da ya cika ko ya fara lalacewa yana faɗa. Kuma kada ka adana a lokacin da inbata ke kukan batir ya kusa ƙarewa. Rubutun daƙiƙu kaɗan ne, amma in wuta ta yanke a tsakiyarsa fayil ɗin na iya lalacewa.

Zan daɗe kaɗan a kan VLAN, wato raba netwok ɗaya zuwa ƙananan sassa a cikin siwici, domin nan ne ko waɗanda suka daɗe a aikin ke tuntuɓe. A yadda siwicin Cisco ke zuwa daga kamfani, yana yanayin sabar VTP, wato tsarin Cisco da siwici ke raba wa juna jerin VLAN da shi, kuma a wannan yanayin VLAN ɗin da ka ƙirƙira, daga lamba 1 zuwa 1005, ba sa shiga running-config ko startup-config. Suna wani fayil dabam, vlan.dat. Abin da ke cikin saitin shi ne cewa ƙofa kaza tana VLAN 20, amma shi VLAN 20 ɗin da sunansa yana can gefe. Wannan yana haifar da abu biyu. Ka goge saiti da `write erase` ka ɗauka ka wanke siwicin gwanjo, sai ka buga `show vlan brief` ka ga VLAN ɗin wani kamfani na wata ƙasa suna nan daram. Sai ka ƙara da `delete flash:vlan.dat` sannan ka sake tayar da shi. Na biyu kuma ya fi ciwo: ka yi kwafin saitinka tsaf, ranar da siwici ya ƙone ka ɗora a wani, sai ka tarar wasu ƙofofi sun yi shiru, VLAN ɗin da ke ratsawa ta taronk, wato layin da ke ɗaukar VLAN da yawa, zuwa siwici na gaba babu su, ɗakin jarabawa ba ya ganin saba.

Shawarata ga netwok mai siwici biyar ita ce ka sa `vtp mode transparent` a kowane na Cisco. Da zarar ka yi haka VLAN ɗin za su bayyana cikin running-config, fayil ɗaya ya ɗauke maka komai. Za ka riƙa ƙirƙirar VLAN a kowane siwici da hannu, amma sau nawa kake ƙara VLAN a shekara? Ga kuma wata riba. VTP yana aiki da lambar bita, wanda lambarsa ta fi girma shi ake bi. In ka ɗauko wani siwici daga sito wanda ka taɓa gwaji da shi da sunan yankin VTP iri ɗaya, lambarsa ta fi ta sauran, kana haɗa shi sai ya shafe VLAN ɗin kowa ya ɗora nasa. A yanayin transparent lambar sifili ce kuma ba ya karɓar umarnin kowa.

Kada kuma abin da na faɗa ya sa ka koma adanawa bayan kowane layi. Rabuwar saitin gida biyu kariya ce gare ka in ka iya amfani da ita. A ce kana Samaru, aka kira ka, ka shiga siwicin Tudun Wada daga nesa za ka gyara taronk. Layi ɗaya ba daidai ba, ka yanke hanyar da kai kanka ka shigo ta ita, sai neman ɗan acaba. Ga yadda ake yi: ka adana saitin da ka san yana aiki, ka buga `reload in 10`, sannan ka fara canjin. In ka kulle kanka a waje, bayan minti 10 siwicin zai sake tashi da tsohon saiti ka dawo ciki. In komai ya tafi daidai, ka buga `reload cancel`, ka gwada daga kwamfutar ɗalibi ko ka sa wani ya gwada maka, sannan ka adana. Sai dai sake tashin yana yanke kowa na 'yan mintuna, musamman 3850 da ke da nauyin tashi, don haka ba dabarar da za a yi ana tsakiyar jarabawa ba ce. Ranar jarabawa ma dai ba a taɓa saiti sai dole.

Wani abu da ke shiga running-config ba tare da ka buga ba: in kana amfani da tsaron ƙofa mai manne adireshin MAC, wato `sticky`, adireshin da siwicin ya koya yana RAM ne har sai ka adana.

Mu zo rabin tambayarka na biyu, wanda a wurina ya fi na farkon nauyi. Ko startup-config ya zauna lafiya, yana cikin akwatin ƙarfe ɗaya da na'urar. Ka san yadda damina take a Zariya, tsawa ɗaya ta bi kebul ɗin da aka ja tsakanin gini biyu ta ƙone siwici. Ranar, saitin ya tafi tare da shi. Dole a sami kwafi a waje.

Hanya mafi sauƙi ba ta buƙatar komai sai PuTTY, manhajar da ake shiga siwici da ita daga kwamfuta. Ka kunna masa rubuta abin da ke fitowa zuwa fayil, ka buga `terminal length 0` don kada ya riƙa tsayawa shafi-shafi, sannan `show running-config`. Wadda ta fi tsabta ita ce ka kunna Tftpd64, manhajar da ke karɓar fayil ta hanyar TFTP, a laftof ka buga `copy running-config tftp:`, ya tambaye ka adireshi da sunan fayil. In ya ƙi tafiya, kafin ka zargi siwicin ka duba katangar tsaron Windows, ita ce ke toshe UDP 69 mafi yawan lokuta. Ka sani TFTP ba ya ɓoye komai a hanya kuma ba ya tambayar kalmar sirri, don haka a VLAN ɗin gudanarwa kaɗai za ka yi shi, ka kashe manhajar in ka gama. In siwicin yana da SSH, wato hanyar shiga mai ɓoye bayanai, `copy running-config scp:` ya fi. Shi 3850 yana da ramin USB, kana iya sa filash ka kwafa zuwa `usbflash0:` kai tsaye.

Sunan fayil ya ƙunshi sunan siwicin da kwanan wata, shekara sannan wata sannan rana, don su jeru da kansu a folda. Kada ka rubuta sabo a kan tsoho. Amfanin tsofaffin yana fitowa ne ranar da aka ce maka tun makon jiya firinta ba ta aiki, ka buɗe na wancan makon da na yau gefe da gefe ka ga layin da ya sauya. Kuma folda ɗin kada ta tsaya a laftof ɗinka kaɗai. Saitin nan dukiyar makaranta ce. Ka ajiye kwafi a inda hukumar makarantar za ta iya kaiwa in ka yi tafiya ko ka sami wani aikin, tare da kalmomin sirri a ambulan da aka manne a ofishin shugaba. Na sha shiga wuraren da mai kula da netwok ya tafi da komai a kansa, wanda ya gaje shi ya fara daga bin kebul ɗaya-ɗaya. Ba na so a ce kai ne ka bar wa wani haka.

Siwicin zai iya taimaka maka da kansa. A ƙarƙashin `archive` ka ba shi `path` zuwa filash ko zuwa saba, ka ƙara `write-memory`, to duk lokacin da ka adana zai ajiye kwafi dabam. `Time-period 1440` kuma zai sa ya yi haka sau ɗaya kowace rana. In ku biyu ne ko uku ke shiga na'urorin, kowa ya sami sunan shigarsa, ka kunna `log config` da `logging enable` da `hidekeys` a wurin, sai `show archive log config all` ya nuna maka wa ya buga me. Manyan wurare masu na'urori da yawa suna amfani da Oxidized ko RANCID, su bi kowace na'ura su ɗebo saitinta su ajiye tarihin canje-canje. Da siwici biyar ba ka kai can ba tukuna.

Mayar da saiti shi ma yana da tarkonsa. `copy startup-config running-config`, ko kwafowa daga TFTP zuwa running-config, ba ya share abin da ke nan ya ɗora sabo. Gauraya su yake yi. Layin da ka ƙara bisa kuskure, in babu abin da ya ci karo da shi a fayil ɗin, yana nan bai motsa ba. In kana son komawa daidai yadda fayil yake, ko dai ka kwafa shi zuwa startup-config ka sake tayar da siwicin ba tare da ka amsa tayin adanawa ba, ko ka yi amfani da `configure replace`, wanda ke lissafa bambancin ya cire abin da ya kamata a cire ba tare da sake tashi ba. Manna dogon saiti ta konsol kuwa, a gudun 9600, yakan zubar da haruffa a hanya. In dole ne, ka manna kaɗan-kaɗan kana karanta amsar.

A sabon siwici akwai abin da fayil ɗin ba zai kawo maka ba. Makullan SSH ba sa cikin saitin, don haka sai ka tabbatar akwai sunan na'ura da `ip domain-name`, ka buga `crypto key generate rsa modulus 2048`. Ka duba ko ƙofar VLAN ɗin gudanarwa tana buƙatar `no shutdown`. In kuma samfurin ya bambanta, sunayen ƙofofi za su bambanta: FastEthernet0/1 na tsohon 2960 ba shi ne GigabitEthernet1/0/1 na 3850 ba, sai ka gyara fayil ɗin kafin ka ɗora.

Ina roƙonka da abu ɗaya. Kada ka tura cikakken saiti a guruf ɗin WhatsApp kana neman taimako. Kalmar sirrin da ka ga an rubuta 7 a gabanta ba a ɓoye take ba, kowa na iya warware ta cikin daƙiƙa. Ga kalmomin sirrin SNMP da ake sa ido kan na'ura da su, ga adireshin sabar jarabawa, ga taswirar netwok ɗinku gaba ɗaya. Ka yi amfani da `enable secret` da `username` mai `secret`, kuma in za ka nuna wa wani, ka yanko sashen da ake magana a kai kawai.

Shi Huawei tsarin ɗaya ne, kalmomin ne suka sauya. `display current-configuration` shi ne mai aiki, `display saved-configuration` shi ne ajiyayye, `save` ke adanawa kuma sai ka amsa masa da Y. Abin lura a nan shi ne yana iya riƙe fayilolin saiti da yawa, ka adana a ɗaya alhali da wani zai tashi. `display startup` zai nuna maka wanda zai karanta a tashi na gaba, galibi vrpcfg.zip, kuma `startup saved-configuration` ke canza shi. `compare configuration` yana nuna inda mai aiki ya saɓa da ajiyayye. In wata rana aka kawo muku MikroTik, shi yana adana kowane canji nan take, don haka kariyarka a can ita ce Safe Mode da kuma `/export`. Ƙananan siwici masu shafin burauza kuwa, danna Apply ba adanawa ba ne a yawancinsu, akwai maɓallin Save dabam.

Ga abin da zan so ka yi ranar Asabar ɗin nan da babu ɗalibai. Ka bi siwici biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, ka gyara abin da ka gano, ka adana, ka fitar da kwafi. Sannan ka zare wutar kowanne da hannunka ka mayar, ka tsaya har ya gama tashi, ka duba `show vlan brief` da `show interfaces trunk` a na Cisco, ka zauna a kwamfutar ɗalibi ka ga ko tana kaiwa ga saba. Daga nan ka ɗauki 2960 ɗaya, ka goge saitinsa da vlan.dat, ka dawo da shi daga fayil ɗin da ke laftof ɗinka kaɗai, kana rubuta kowane mataki a takarda. Duk abin da ya ƙi dawowa, shi ne abin da kwafinka ya rasa, sai ka cike shi tun jarabawa ba ta matso ba. In ka tarar mai mantuwar 3850 ne kuma `show romvar` bai nuna 1 ba, ka turo mini abin da `show boot` da `dir flash:` suka fitar mu duba tare.